Malam Muhammadu Al-Katsinawi: Daga Zauren Karatu Zuwa Birnin Alƙahira

Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin yau inda ake koyon ilmin taurari, zai nuna sashen fiziks na jami'a, ko kuma ya ambaci hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ke nan Abuja, wadda aka kafa a 1999, aka kuma harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya a ƙarƙashinta a 2003. Da wuya ya kawo zancen zaure da buzu da tawada. Amma kusan shekara 300 da suka wuce, wani ɗalibi ya tashi daga irin wannan zaure a ƙasar Katsina, ya koyi lissafi da ilmin lokuta da taurari a gaban malamai ƙalilan, har ya kai ga ɗaya daga cikin manyan malaman falaki na Misira ya durƙusa yana ɗaukar karatu a wurinsa. Wannan ɗalibi shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi, wanda Larabawa ke kira Al-Kashnawi. Wannan ɗan rubutu zai duba asalinsa, da yadda ya yi karatu, da abin da ya koya, da tafiyarsa, da littattafan da ya bari.

Asalinsa da garin da ya taso

Cikakken sunansa kamar yadda ya zo a littattafan Larabci shi ne Muhammad bin Muhammad Al-Fulani Al-Kashnawi Ad-Danrankawi As-Sudani. Ɗalibin harshe zai ga cewa sunan kansa taswira ce. Al-Fulani ya nuna ƙabilarsa. Al-Kashnawi ya nuna Katsina, domin Kashna ake rubuta sunan garin da Larabci. Ad-Danrankawi ya danganta shi da Ɗan Ranko, wani tsohon gari na ƙasar Katsina. As-Sudani kuwa ya nuna Biladus Sudan, wato ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, ba ƙasar Sudan ta yau kaɗai ba.

Ya taso a lokacin da Katsina ke cikin ganiyarta. Bayan faɗuwar daular Songhai a hannun sojojin Maroko a 1591, ciniki da malanta sun ƙara karkata zuwa ƙasar Hausa, Katsina kuma ta zama babban zangon ayarin da ke ratsa Sahara. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Al-Maghili ya ziyarci garin. A ƙarni na 17 kuma aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda har yau Katsinawa ke alfahari da su. Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, tana nan tsaye a matsayin shaidar wancan zamani, marubuta da yawa na yau kuma suna danganta karatun Malam Muhammadu da ita.

Mafi yawan abin da ake faɗa game da rayuwarsa ya fito ne daga littafin tarihin Misira mai suna Aja'ibul Asar na Abdurrahman Al-Jabarti, wanda ya rasu a 1825. Shi wannan marubuci bai riski Malam Muhammadu ba, domin an haife shi fiye da shekara 10 bayan rasuwar malamin. Amma a gidan mahaifinsa malamin ya rasu, a hannun mahaifinsa kuma ya bar littattafansa, ciki har da bayanin da ya rubuta da kansa a kan malamansa.

Malamansa da yadda ya yi karatu

Makarantar da ta yaye Malam Muhammadu ba ta da aji, ba ta da jarrabawar ƙarshen zango. Ɗalibi yakan zaɓi malami, ya lazimce shi, ya sauke littafi ɗaya kafin ya ɗauki wani. Manyan malamansa huɗu ne aka ambata. Akwai Shehu Muhammadu Al-Wali, malamin Bagirmi da Barno wanda ya yi suna wajen ilmin tauhidi, ya kuma rubuta littafi a kan haramcin shan taba. Akwai Shehu Hashimu. Akwai Shehu Muhammadu Fudu. Sannan akwai Shehu Muhammadu Bindu.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi shi ne, wannan masanin lissafi da harshe ya fara. Ya lazimci Shehu Muhammadu Fudu kimanin shekara 4, a gida da kuma a tafiya, yana karanta littattafan adabi da nahawu da sarfu. Ya haddace Maƙamatu har ta kai idan aka ambaci wata kalma daga ciki, nan take zai kawo abin da ya gabace ta ba tare da wani tunani ba. Saboda haka malamin ya yi masa laƙabi da mai Maƙamatu. Da ya ƙware a nahawu sai ya sauya masa laƙabi, ya koma kiransa Sibawaihi. Shi Sibawaihi, wanda ya rayu a Basra a ƙarni na 8, shi ne ya rubuta littafin da ya zama uwa ga nahawun Larabci, alhali kuwa Bafarishe ne, ba Balarabe ba. Ke nan malamin ya kwatanta wani baƙon harshe da wani baƙon harshe. Mu da yawa a wannan sashe ba a cikin Hausa aka haife mu ba, don haka wannan laƙabi yana da abin da yake gaya mana.

Daga wurin Shehu Muhammadu Bindu ya ɗauki ilmin hisabi, da ilmin miƙati a bisa tsarin mutanen Magrib, da ilmin haruffa da aufaƙi. Bayan waɗannan ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi, da Alfiyyar Iraƙi a kan ilmin hadisi, da littattafan aƙida na Sanusi, da babban kaso na Muhtasar Halil a fiƙihun Malikiyya. A wancan tsari ba a raba ɗalibai gida biyu a ce waɗannan 'yan kimiyya ne, waɗancan 'yan adabi. Mutum ɗaya yakan ɗauki duka.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta cancanci a tsaya a kanta. Bai taɓa yin karatu da littafin aro ba. Idan zai karanta littafin da ba shi da shi, sai ya zauna ya kwafe matanin da hannunsa, yana barin fili mai faɗi tsakanin layuka, domin ya riƙa rubuta sharhi da bayanin da malami ya yi a lokacin karatu. Idan ya sami hali, har sharhin da hashiyarsa yakan kwafe. A zamanin da takarda sai an kawo ta a kan raƙumi daga bayan Sahara, wannan ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Amma wanda ya kwafi littafi da hannunsa ya riga ya karanta shi sau ɗaya kafin ya je gaban malami.

Me ake koyo a ilmin miƙati?

Ilmin miƙati shi ne sanin lokuta ta hanyar rana da wata da taurari. Buƙatu uku ne suka raya shi a ƙasashen Musulmi: lokutan salla, da fuskar alƙibla, da lissafin watanni. A ƙasar Hausa kuma akwai buƙata ta huɗu, wato noma.

Mu ɗauki lokacin salla. Azahar tana shiga idan rana ta gota daga tsakiyar sama. La'asar kuma, a mazhabar Malikiyya, tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar da ta rage masa da tsakar rana. Matsalar ita ce wannan inuwa ta tsakar rana ba ɗaya ba ce a kowane wata, ba kuma ɗaya ba ce a kowane gari. Katsina tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana takan tsaya cak a kan mutum har inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, sauran shekara kuma arewa. A Alƙahira, wadda ke wajen digiri 30, rana ba ta taɓa tsayawa a kan mutum, inuwar tsakar rana kuma kullum arewa take. Saboda haka jadawalin da aka tsara don Misira ko Fas ba zai yi wa Bakatsine aiki kai tsaye ba. Dole ɗalibi ya fahimci dalilin da ke bayan jadawalin, ba haddarsa kawai ba.

Haka alƙibla take. Mai salla a Katsina yana fuskantar gabas ne da karkata ta kimanin digiri 20 zuwa arewa. Mai salla a Alƙahira kuwa kudu maso gabas yake fuskanta. Mutumin da ya yi salla a garuruwan biyu, kamar Malam Muhammadu, ya ga wannan bambanci da idonsa.

Game da noma, shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuma 365. Tazarar kwana 11 ɗin nan ita ke sa azumi ya zagaya daga bazara zuwa hunturu zuwa damina. Manomi ba zai iya dogara da watan Musulunci wajen shuka ba. Don haka malamai suke amfani da taurari 28, waɗanda Larabawa ke kira manazil, wato masaukan wata. Kowane tauraro yana ɗaukar kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14, jimla 365 ke nan. Har yau a karkara ana jin dattawa suna ambaton Nasara da Ɗarfa da Jabaha idan damina ta yi nisa. Surayya ta Larabawa kuwa ita ce Bahaushe ke kira kaza da 'ya'yanta.

Hatimi da lissafin haruffa

Fannin da ya fi ɗaukaka sunan Malam Muhammadu a wajen masana na yau shi ne aufaƙi, abin da Bahaushe ya sani da hatimi. Hatimi gidaje ne da aka jera, tsaye da kwance adadinsu ɗaya, aka zuba musu lambobi yadda duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za a samu. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Kowane layi a nan 15 ne. Mai gida biyar-biyar jimlarsa 65, mai bakwai-bakwai 175, mai tara-tara 369. Malam Muhammadu ya yi bayanin hanyoyin gina hatiman da adadin gidajen gefensu mara ne, wato 3, 5, 7, 9 da sauransu. Ga ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin da malaman wannan fanni suke bi, domin mai karatu ya gwada da kansa. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin gidan tsakiya. Daga nan a riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa gida ɗaya dama, ana sa lamba ta gaba. Idan aka fita ta ƙasa sai a shigo ta sama, idan aka fita ta dama sai a shigo ta hagu. Idan aka tarar da gida a cike, sai a koma kan lambar da aka sa ta ƙarshe, a sauka gida biyu a miƙe, a ci gaba daga nan. Wanda ya bi wannan a gida uku-uku zai sami hatimin da ke sama. Wanda ya bi shi a gida biyar-biyar zai ga layin farko ya fito 11, 24, 7, 20, 3.

Lissafin haruffa kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin shi ne tushen ramzin da mawaƙan ajami ke rufe waƙoƙinsu da shi don nuna shekarar da aka yi su. Kowane harafin Larabci yana da lambarsa, amma tsarin Magrib da ƙasar Hausa ta gada ya saɓa wa na Gabas a haruffa shida. Misali, shinun 1000 ne a Magrib, amma 300 ne a Gabas, inda gainun ke ɗaukar 1000. Shi ya sa ramzin waƙoƙi da yawa na zamanin jihadi ke farawa da shinun da ra'un, wato 1200. A ɗauki shekarar rasuwar Malam Muhammadu, 1154. A tsarin Magrib za a rubuta ta da shinun da ƙafun da nunun da dalun, wato 1000 da 100 da 50 da 4. Idan Bamisire ya karanta waɗannan haruffa da nasa tsarin, 454 zai samu, ya yi kuskuren shekara 700 cur. Malamin da ya koyi tsarin Magrib a gida ya je ya koyar a Misira dole ne ya riƙe tsarin biyu a kansa.

Tafiyarsa zuwa Gabas

Da ya ga ya sami abin da zai samu a gida, sai ya nemi izinin malaminsa ya tafi aikin hajji da neman ƙarin ilmi. Shi da kansa ya bayyana cewa ba wahala ce ta kore shi ba. Yana cikin rufin asiri da zaman lafiya da iyalinsa, son ilmi ne ya sa ya zaɓi baƙunta da kaɗaici da haɗarin hanya. Tsakanin Katsina da Makka ya fi kilomita 3,500 a miƙe, balle a ƙafa da kan dabba. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A wani gari ya tsaya wata 5 wurin wani malami yana karanta ilmin ramli, wato bugun ƙasa, da wasu littattafan hisabi. Ya kuma rubuta labarin wannan tafiya tasa.

Ya yi hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci, daga nan ya wuce Alƙahira, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Usmaniyya. Da farko ya sauka a Darbul Atrak, wani lungu kusa da masallacin Azhar. A wannan birni ya haɗu da Shehu Hasan Al-Jabarti, malamin fiƙihun Hanafiyya wanda ya shahara a lissafi da falaki da ƙera agogon rana. Shi ma Hasan asalin kakanninsa daga yankin ƙahon Afirka ne. Duk da matsayinsa, ya zauna ya ɗauki ilmin aufaƙi da hanyoyin warware haruffa zuwa lambobi daga wurin baƙon da ya zo daga Katsina. Masu iya magana sun ce ilmi gishirin zaman duniya, to ga shi ya mayar da baƙo ɗan gida.

Littattafansa

Babban littafinsa shi ne Ad-Durrul Manzum wa Hulasatus Sirril Maktum, a kan taurari da ɗalasimai. Ya fara shi a Makka, ya kammala a Alƙahira a watan Rajab na 1146, wato wajen ƙarshen 1733. Ya gina shi a kan wani littafi da ake dangantawa ga Fahruddin Ar-Razi, ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da kammalawa. An buga shi a Alƙahira a ƙarni na 20. Na biyu shi ne Bahjatul Afaƙ, a kan haruffa da aufaƙi, akwai kuma kwafinsa na hannu a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Yana da waƙa a kan manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wadda ya yi wa doguwar sharhi da kansa. Yana da Bulugul Arab a kan nahawu. Ke nan bai yar da harshe ba bayan ya shiga lissafi.

A nan akwai gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba. Sararin samaniyar da ke cikin littattafansa na tsohon tsari ne, mai duniya a tsakiya da taurari bakwai masu tafiya: Rana, Wata, Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. A Ingila kuwa Newton ya riga ya rasu tun 1727, ya bar ka'idojin da fiziks na yau ya ginu a kansu. Haka kuma rubuce-rubucen Malam Muhammadu sun haɗa lissafin da kowa zai iya gwadawa ya tabbatar, da kuma imani da tasirin taurari da asirin haruffa, abin da malaman Musulunci da yawa, na da da na yanzu, suka yi suka a kansa, kimiyyar yau ma ba ta karɓe shi ba. Wanda ya kira shi masanin kimiyya irin na zamani ya ƙara masa abin da ba nasa ba. Wanda ya kira shi mai duba kawai ya tauye shi. Hatiminsa na gida bakwai-bakwai zai ba da 175 ko mutum ya yarda yana da asiri ko bai yarda ba, inuwar la'asar kuma ba ta sauya ba.

Rasuwarsa

Malam Muhammadu bai sake ganin Katsina ba. Ya rasu a Alƙahira a shekarar 1154 ta Hijira, wato 1741, a gidan Hasan Al-Jabarti, bayan ya naɗa shi wasiyyin dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama, wato lambun malamai, a maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Littattafan da ya kwafa da hannunsa layi-layi sun zauna a Misira.

Sai a ƙarni na 20 sunansa ya dawo cikin nazarin zamani. Bivar da Hiskett sun ambace shi a nazarinsu na 1962 a kan rubuce-rubucen Larabci na Nijeriya kafin jihadi. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a Ibadan a 1967 a kan bayaninsa game da ramzi. Claudia Zaslavsky, wata malamar lissafi daga Amurka, ta kawo hatimansa a littafinta na 1973 a kan lissafin Afirka, daga nan sunansa ya shiga azuzuwan lissafi na ƙasashen waje.

Kammalawa

Rayuwar wannan malami ta nuna cewa ƙanƙantar makaranta ba ta hana ɗalibi nisa. Malamai huɗu, da littattafan da ya kwafa da hannu, da shekarun da ya yi yana bin malami gida da daji, su ne guzurin da ya isa Alƙahira da shi. Ta kuma nuna cewa katangar da muka gina tsakanin harshe da lissafi sabuwa ce. Wanda ya haddace Maƙamatu shi ne ya rubuta Bahjatul Afaƙ.

Akwai aiki a gabanmu. Littattafansa da Larabci suke, nazarin da aka yi a kansu mafi yawa da Turanci da Faransanci. Ɗalibin fiziks yana da lissafin amma sau da yawa ba shi da Larabcin, ɗalibin harshe yana da hanyar shiga matanin amma yana gudun lambobi. Kalmomi irin su miƙati da zawali da hatimi da ramzi da sunayen taurari 28 suna nan a bakin dattawa da cikin takardun ajami, kuma duk mai son koyar da ilmin taurari da Hausa zai buƙace su kafin ya fara ƙirƙirar sababbi. Mai neman abin da zai yi kundin kammala digiri a kansa, ga fage nan a buɗe. Kafin nan, a ɗauki takarda a gwada hatimin gida biyar-biyar, a ga ko kowane layi zai kai 65.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Al-Katsinawi, ya sa ilmi mai amfani ya zama rabonmu, amin.